Karen da Ya Cinye Itacen Jego

Zuwa ga Hajiya Zinariya, mai filin shawara.

Assalamu alaikum. Hajiya, don Allah ki taimake ni, kuma ki taimake ni da baki, don shiru kam na ƙoshi da shi. Tun shekarar da kasuwar uraniyom ta faɗi, kamfani ya tara mu a fili cikin rana ya ce an rage ma'aikata, tambaya ɗaya nake yi: me ya sa aka sallame ni aka bar wanda ni na koya masa riƙon shebur? Ban ce a maida ni ba. Dalilin kawai nake so in ji da kunnena. Na je biro, wato ofishin kamfanin, aka ce shef, babbansu, ya fita. Na koma, aka ce ya shiga taro. Na sake komawa, aka ce wancan shef ɗin ya tafi ƙasarsu, sabon kuwa bai san zancen ba, in dawo gobe. Na kai kuka wurin sufurefe, babban jami'in gwamnati na garin, mai tsaron ƙofarsa ya karɓi takardata da hannu biyu, da ladabi kamar abin gaske. Ba a jima ba na sayi ƙosai a bakin kasuwa aka ƙunsa mini a cikinta. Ban iya karatu ba, amma dangwalen yatsana na san shi.

Ni ban yi lakwal ba, makarantar boko ke nan. Alhassane mai rubuta wa mutane wasiƙa a ƙofar gidan waya shi ke rubutawa, ni ina faɗa. Yana ta cewa in taƙaita, wai jarida ba ta da fili. Na ce masa ya rubuta, in ya rage ko kalma ɗaya Allah na ganinsa.

Ga maganar. Ina da kare. Kafin ki ɗaure fuska, ba nawa ba ne, amana ce. Aghali, wani Ba'abzine da muka yi lebura tare, shi ya bar mini shi. Fari ya cinye masa raƙuma da awaki, ya shigo gari neman aiki, abin da ya rage masa na daji shi ne karen nan, irin nasu dogo siriri mai ɗamammen ciki, wanda in ya zabura ba ka ganin ƙafafunsa. Da tawaye ya ɓarke aka fara yi wa duk mai rawani kallon tuhuma, Aghali ya kwashi iyalinsa ya yi arewa. Ranar tafiya ya kawo mini karen har lambuna, ya kama hannuna ya ɗora a kansa. Ya ce su ba sa sayar da irin wannan, ba sa kuma barin shi wurin wanda ba su yarda da shi ba, in riƙe masa har ya dawo. Hajiya, a garin nan ba wanda ya taɓa ba ni ajiyar ko allura sai shi.

Sunan da ya sa masa da yarensu harshena ya ƙi ɗauka, sai na raɗa masa Dawo-Gobe, don tunawa da mutanen biro. Shi dai in na kira yana zuwa. Kuma shi ya riƙe mini lambun da nake ci da shi tun da aka sallame ni. Awakin da yunwa ta koro daga daji shekarun nan har kwali suke ci, balle salati da tumatir. Amma tun da ya zo, akuya in ta iso shingena sai ta tsaya ta yi tunani.

Yanzu bari in kawo ki gida. Matata Zinatu, ni Uwar Sa'a nake ce mata. Mun haifi ƴaƴa, Allah ya karɓi abinsa tun suna ƙanana, Sa'a kaɗai ya bar mana. Tana aure a Cirozerin, mijinta Hamadi direba ne, yana jan babbar motar da ke ɗaukar gawayin ƙasa. To yanzu Sa'a na da cikin fari. Mu mutanen Damagaram ne, kin kuwa san yadda muke yi: cikin fari gida ake zuwa a haihu, uwa ta yi wa ɗiyarta wankan jego kwana arba'in, safe da yamma, da tafasasshen ruwa. Ruwa ba ya tafasa da fatan alheri, sai da itace. Itace kuwa a Arlit yau, in kin ga mutum da ɗauri guda a ka, har juyowa ake yi a kalle shi. Matan da ke kawo shi kan jakuna ba sa iya nisa, sojoji sun hana, ƴan tawayen kan duwatsu su ma ba a san halinsu ba, na kusa da gari kuwa an sare shi tun tuni.

Tun ranar da Uwar Sa'a ta ji labarin cikin ta fara tara itace. Ta maida mu girki sau ɗaya a yini, shi ma da busasshen kashin awaki da kwali, tuwo ya riƙa ƙauri, ban ce komai ba. To, na ce, amma ba da yawa ba. Duk sandar da ta samu sai ta ɓoye. Har wani gungumen aduwa ta samo, ban san inda ta samo shi ba, ban kuma san yadda tsohuwa ta jawo shi har gida ba. Don kada maƙwabta su gani su fara zuwa ara, sai ta riƙa jibga shi kan rumfar tsakar gida tana rufewa da tsofaffin tabarmi. Na gaya mata ginshiƙin rumfar nan gara ta cinye shi. Ita wai ita ta fara gaya mini, wai tun bara waccan take cewa in canza shi. Ba wannan ne zancen ba. In ka san ginshiƙi ruɓaɓɓe ne ai ba ka ɗora masa daji guda.

Wata rana da azahar, Dawo-Gobe na kwance a inuwar yana huce zafi, rumfa ta zube. Gungumen nan bai sauka ko'ina ba sai tsakiyar bayansa. Ƙarar da ya yi har yau tana cikin kunnena. Daga ranar ƙafafunsa na baya suka mutu. Gaba lafiya lau yake, yana ci, yana haushi, in ya hangi akuya sai ya miƙe da ƙafafun gaba yana jan sauran jikinsa kamar buhun gero. Fitsari da kashi kuwa bai san fitarsu ba, ni ke kwashewa, ni da ko na ɗiyata ban taɓa kwashewa ba.

Kada ki ce ban nemi magani ba. Likitan dabbobin garin nan ya tafi Agadas tun da hanya ta lalace, ƙofarsa da kwaɗo. Mota ba ta zuwa Agadas sai cikin ayari da rakiyar sojoji. Na sami wani direba, ya ce mutane ma kan kaya suke zama, ina zai sa gurgun kare. Na je wurin maɗori, ya ce gadonsa na mutane ne, in ya taɓa kare hannunsa zai daina ci. Maƙwabta suka ce in kai shi bayan gari in hutar da shi. Na ce to, in Aghali ya dawo ya tambaye ni, wane ne cikinku zai fito ya yi masa bayani? Kowa ya tuna yana da aiki.

Barin shi gida yini guda ba ya yiwuwa, kare mai tsawon nan kuma ba ya ɗaukuwa a hannu. Sai na ɗauki tsohon zanen Uwar Sa'a na goya shi. Haka nake zuwa lambu da shi kullum, ƙafafunsa na reto har gwiwata, kansa a kafaɗata yana kallon gari kamar shi ya gina shi. Matan bakin famfo kuwa sun samu abin yi. Wata ta ce, Baba barka da arziki, mace aka samu ko namiji? Wata ta ce, kai, yaron nan kamarsu ɗaya da ubansa, har hancin. Ban kula su ba. Na dai gaya wa ta biyun cewa na san mijinta, kuma wanda ke bayana ko a haka ya fi shi tsaron gida.

Tun da masu ilimi sun gudu, sai na zauna na yi nawa tunanin. Mace in ta haihu me ke samunta? Baya ya saki, ƙugu ya saki, ƙafa ba ƙarfi. Me ake yi mata? Ruwan zafi da ganye, kwana arba'in, sai ta miƙe garau har ta yi daka. To shi me ke damunsa? Baya ya saki, ƙugu ya saki, ƙafa ba ƙarfi. Hajiya, ina bambancin? Na samo rabin tano, irin gangar ƙarfen nan, na ɗora a murhu can lambu, na tsinko ganyen dogon yaro, na fara yi masa wanka safe da yamma, ina tsoma ganyen ina fyaɗa masa a baya yadda ake yi. Har kunun kanwa nake dama masa, kuma yana sha ba tare da an yi masa faɗa ba, abin da ba kowace maijego ke yi ba.

Itacen fa, za ki ce. Na ɗebi na Uwar Sa'a, kuma ina da hujja. Itacen nan shi ya karya shi. In raƙumin wani ya shiga lambuna ya yi ɓarna, mai raƙumin ake kamawa ya gyara. Bayan rumfa ta zube ta kwashe itacen ta jera a lungun bayan ɗaki, ta rufe da tabarma. Na ce mata bari in faskara miki gungumen nan ki huta, har ta sa mini albarka. Na faskara shi kuwa, na ji daɗin kowace sara, kuma da shi na fara don shi ne babban mai laifi. Kullum da safe sai in zaro kaɗan ta baya, in sa tsakanin bayana da cikin karen, in ɗaura zane, mu fita. Ba ɓoyewa na yi ba. Ban dai yi shela ba.

Ranar da ta ɗaga tabarma ta tarar gaban jerin na tsaye bayansa kuwa rami, abin da ta faɗa Alhassane ya ce ba a bugawa a jarida. Zan gaya miki mai sauƙin. Ta ce ita ta yi wata da watanni tana hura kashin awaki har idonta ya koma ja don ɗiyarta ta samu ruwan zafi, ni kuma ina can ina yi wa kare jego, saura in yanka masa rago in kira wanzami. Ta ce ta binne ƴaƴa ya isa, wannan ɗaya da ta rage ba za ta bari sanyi ya shige ta ba saboda tsohon da hankalinsa ya bi kamfani. Sannan ta yanke magana: in watan nan ya mutu itace bai koma yadda yake ba, kare bai bar gidan ba, za ta aika wa Sa'a kada ta zo. Ita za ta bi ayari ta je Cirozerin, a haihu can gidan surukai, a yi suna can, ni kuma in zauna in ƙarasa arba'in da maijegona.

Hajiya, wannan ita ce ta tsaya mini a wuya. Jikan fari, a haife shi gidan wasu ina raye, ina da rufi a kaina? Ƴan Damagaram da ke garin nan har in mutu ba za su bar zancen ba. Kuma na riga na yi wa ɗakin da za ta sauka yaɓe da hannuna, na gyara ƙofar don kada iska ta shiga. Gidan nan ya daɗe bai ji kukan jariri ba. Alhassane, rubuta, kallon me kake yi mini.

Abin da ya sa ba zan iya tsayawa ba shi ne maganin na ci. Mun kusa rabin arba'in. Gashin ƙugunsa ya zube, fatar ta yi ja tana sheƙi, wani wuri har ta tashi, alamar zafin na ratsawa ciki inda ciwon yake. Jarumi ne kuma. Ruwan da in ya fantsamo mini a hannu sai na yi salati, shi ko motsi ba ya yi, in dai a baya ne. Sau ɗaya ya taɓa kafaɗarsa ya yi ƙara ya kusa cizona, sai na gane can ba ciwo, na daina kaiwa wurin.

Ga kuma wani abu da nake so ki sani, don ki gane irin matar da nake zaune da ita. Tun bayan faɗan nan, duk lokacin da na dawo daga masallaci sai in tarar da bayansa na maiƙo, an shafe shi da man kaɗe, an canza buhun da yake kwance a kai, an juya shi ɗaya gefen. Gidan daga ni sai ita. Na gane dabarar: so take ruwan ya riƙa zamewa kada magani ya kama, in gaji in bari. Na tambaye ta, ta ce ita ba ta taɓa kare, ta yi tsaki ta shige ɗaki. Shi kuma munafukin, in ta gifta sai in ga wutsiyarsa ta ɗan motsa, abin da bai yi mini ba ni da nake goya shi.

Alhassane ya ce in roƙi Hamadi gawayi. Ni in roƙi surukina? Yaron da ke cire takalmi tun daga ƙofa ya durƙusa ya gaishe ni? Na ce masa rubutu aka sa shi, ba shawara ba.

To ga tambayata. Itacen da ya karya kare, hakkin karen ne ko na maijego? In na tsaya a rabi na ci amanar Aghali. In na ƙarasa arba'in itace ya ƙare, jikana ya tafi gidan wasu. Kada ki ce in je wurin liman, na je, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Wannan addu'a ce, na kuma ce amin, amma ba amsa ba ce. Na san ke mace ce, za ki so ki bi bayan ƴar'uwarki, to ki ji tsoron Allah. Kada kuma ki sa sunana, ba na son a gane ni.

Kamfani bai amsa mini ba, sufurefe bai amsa ba, likita ya kulle ƙofa, Aghali ko saƙo. Ke kam sai kin amsa, kuma kafin wata ya mutu. In ni ke da gaskiya ki faɗa da manyan baƙaƙe, yadda Alhassane zai zo ya karanta a tsakar gida ta ji daga ɗaki. In kuma kin ga wani abu dabam, to, ki dai amsa. Mutum ɗaya ya amsa mini a duniyar nan.

Tsohon lebura, Arlit.

AMSAR HAJIYA ZINARIYA

Wa alaikumus salam, Baba. Ga amsa, kuma na tsallake wasiƙun da suka riga taka isowa saboda taka ba ta jira. Sunanka na ɓoye kamar yadda ka nema, ko da yake ban san dattawa nawa ke goyon kare a Arlit ba. Zancen kamfani ba ya hannuna. Abin da zan iya cewa kawai, ranar da ake rage ma'aikata ba a tsayawa auna wanda ya fi iya riƙon shebur, don haka sallamar ba shaida ba ce a kan aikinka.

Kafin mu je ga wa ke da gaskiya, ka sauke tanon nan daga wuta yau. Na karanta wa wani likitan dabbobi wasiƙarka a nan Yamai, kuma ga abin da ya ce. A cikin ƙashin baya akwai laka, ita ke kai saƙo tsakanin kai da ƙafafu. Gungumen ita ya taɓa, ruwan zafi kuwa ba ya isa wurinta. Gashin da ya zube da fatar da ta tashi ƙuna ce, Baba. Shirun da yake yi ba jarumta ba ce, wurin ne ba ya ji. Kafaɗarsa da ke ji ta gaya maka gaskiyar zafin ruwan. Na san wannan zai yi maka ciwo, don ba mugunta ta sa ka ba. Ka yi abin da ka sani ne a lokacin da waɗanda suka sani suka kulle ƙofa.

Abin da yake buƙata ba ya cin itace ko sanda ɗaya. Ka cika bido, jarka ke nan, da ruwa ka ajiye a rana, ranar Arlit ta isa ta ɗumama shi. Ka gwada a gwiwar hannunka, in ka ji zafi ka sirka. Da shi za ka riƙa wanke masa fitsari da kashi, ka tsane shi sosai. Ka shimfiɗa masa yashi mai laushi da busasshen buhu a kai, ka riƙa juya shi duk lokacin salla don kada gefe ɗaya ya yi gyambo. Ƙunar a tsabtace ta a rufe da ƙyalle mai tsabta saboda ƙuda, in ta fara wari ko ruwa ka nemi wani ma'aikacin jinya ya ba ka maganin miki. Ka riƙa lanƙwasa ƙafafun kana miƙewa a hankali, ka ratsa zane ƙarƙashin cikinsa ka ɗaga bayan ya taka da na gaba. In mararsa ta cika ta yi tauri, ka danna a hankali fitsarin ya fita. Kunun kanwa a daina. Goyo ma a daina, yana tanƙwara bayan da ake so ya zauna a miƙe. Ka kwantar da shi a baro. Matan famfo za su yi kewarku, amma za su rayu.

Ko zai tashi? Ba wanda zai yi maka alkawari. Ka matsa yatsan ƙafarsa ta baya da ɗan ƙarfi. In ya waiwayo ko ya yi ƙara, saƙo na wucewa, akwai fata. In ƙafar kawai ta noƙe shi bai sani ba, wannan ba ya cikin lissafi. Motsin wutsiyar nan alama ce mai kyau. Ko da bai sake gudu ba, kare na iya rayuwa a haka cikin daɗi muddin yana ci yana haushi. In kuwa wata rana ya bar ci, miki ya yi zurfi, ya koma kuka, hutar da shi ba cin amana ba ne, kuma Aghali makiyayi ne, ya fi ni da kai sanin haka. Amma ba a kai nan ba, kuma ka yi daidai da ka ƙi jin maƙwabta.

Yanzu shari'ar itace. Ka ce mai raƙumi ake kamawa. To mai rumfar wane ne? Ginshiƙi naka, lodi nata, a nan kun raba laifi. Amma itacen nata ne, da jan ido ta tara shi, don ɗiyar da ita kaɗai ta rage muku. Kai ka riƙe amanar abokinka, ita ta riƙe ta cikinta, kuma a wannan gaɓar ita ke da gaskiya. Na ji tsoron Allah kafin in rubuta.

Man kaɗen kuwa ka yi masa gurguwar fahimta. Macen da ke son kare ya mutu ba ta ɓata man kaɗenta a kansa, ba ta canza masa shimfiɗa, ba ta juya shi. Ta ga ƙunar da ba ka gani ba, tana jinyarta a bayan idonka, tana kuma fushi da kai, duka a lokaci guda. Wutsiyar ta san wanda take yi wa.

Ga abin yi kafin wata ya mutu. Ka kafa masa ƴar rumfa a jikin katanga ta waje, kusa da ƙofa, da ginshiƙi mai lafiya. Ya bar gidan ke nan, bai kuma bar kunnenka ba, jariri da maijego su samu tsakar gida mai tsabta. Ka sami matan da ke kawo itace ka yi musu musaya da tumatir da salati. Sannan ka aika wa Hamadi. Alhassane ya faɗa maka gaskiya, kuma wannan ba roƙo ba ne: matarsa ce, ɗansa ne, a wurare da yawa ma miji ne ke kawo itacen wanka. Wataƙila kunyarka ce ta hana shi tambaya. Gawayin in ya zo a hura shi a fili, ba cikin ɗaki ba. Ita ma Sa'a ba sai ruwa ya kai ga ƙuna ba, kanwa kuma a sassauta, amma wannan kada ya fito daga bakinka a yanzu. Ka bar ungozomar asibiti ta faɗa.

Kada ka kawo kowa ya karanta wannan a tsakar gida. Ka shiga ɗakin da ƙafarka, ka ce ka ɓata mata, ka gaya mata abin da ka shirya, ka ce ka ga man kaɗen. Kada ka ambaci ginshiƙi, ko ita ta ambata. Daga nan ka roƙe ta ta nuna maka yadda take juya shi, don ta fi ka iyawa, kuma ina zaton saƙon da za ta aika Cirozerin zai zama na cewa a taho.

Allah ya ba Dawo-Gobe sauƙi, ya maido Aghali gida lafiya, ya kawo mana zaman lafiya da damina mai albarka. Allah ya sauki Sa'a lafiya a gidan ubanta, ka ji kukan jikanka da kunnenka.

Hajiya Zinariya